Yambo Ouologuem da Majalisar Marubutan Paris

A shekarun 1960, duk matashin da ke son a kira shi marubuci a ƙasar Faransa, unguwar Saint-Germain-des-Prés ta birnin Paris yake dosa. Can ne shagunan shan gahawa irin su Café de Flore suka zama majalisa, ana hira ana gulma, ana ɗaga wannan ana kayar da wancan. Kamfanin buga littattafai na Seuil ma a lokacin a unguwar yake, a kan titin Jacob.

Cikin wannan duniyar Yambo Ouologuem ya faɗa. An haife shi a Bandiagara ta ƙasar Mali a 1940, ya zo Paris karatu a 1960. A 1968 Seuil ya fitar da littafinsa, Le Devoir de violence, labarin wata daula ta ƙirƙira mai suna Nakem da sarakunanta na gidan Saif. Duk wanda ya san tarihin Kanem-Borno da Saifawa zai gane inda aka dosa. Yaron bai raga wa kowa ba. Ya nuna sarakunan Afirka suna sayar da talakawansu bayi, suna haɗa baki da Turawa, har ya yi wa masanin nan na Jamus, Leo Frobenius, shaguɓe da wani ɗan wasa mai suna Shrobenius. Yana da shekara 28 ya ci lambar yabon adabi ta Renaudot, ɗan Afirka na farko da ya ci ta. Jaridun Paris suka yi ta guɗa, wai ga muryar Afirka ta asali ta fito.

Muryar asalin kuwa, ashe da jimlolin Turawa a cikinta. A 1971 wani manazarcin adabi, Eric Sellin, ya nuna yadda ginin littafin ya bi sawun Le Dernier des Justes na André Schwarz-Bart. A 1972 jaridar Times Literary Supplement ta Landan ta jera wani sashe nasa kusa da na It's a Battlefield, littafin Graham Greene na 1934, kamar an tsaga kara. Nan take aka janye littafin daga kasuwa.

Ouologuem ya ce ya sa alamar zancen wani a rubutunsa na asali, kamfanin ne ya goge. Ni dai ba zan wanke shi tas ba. Ya ɗauka, kuma sunansa ne a bangon littafin. Amma akwai abin da ke tsaya mini a rai. Littafin Schwarz-Bart, wanda ya ci lambar Goncourt a 1959, Seuil ɗin nan ne ya buga shi. Shi kansa Schwarz-Bart ya rubuta wa kamfanin tun 1968 cewa aron bai dame shi ba. Ke nan masu gidan sun sani. Suka yi shiru lokacin da ciniki ke tafiya, da asiri ya tonu suka bar yaro shi kaɗai da tambarin satar fasaha.

Ya koma Mali a ƙarshen shekarun 1970, ya zauna a Sévaré kusa da Mopti, ya duƙufa ga addini, yana gudun 'yan jarida. A can ya rasu a 2017. Shekara guda bayan haka, Seuil ya sake buga littafin.