Babur mai lantarki a aikin kare namun daji

Babur mai lantarki wani nau'in babur ne da ke tafiya da batir maimakon man fetur. Daga wajen shekarar 2021 aka fara gwada shi a wasu gandun daji na Afirka domin sintiri, wato zagayen da masu gadin daji ke yi don kwance tarkuna da kama masu farauta ba bisa ƙa'ida ba.

Tarihi

A watan Maris na 2021 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta ƙaddamar da gwajin babura masu lantarki guda 49 a dajin Karura da ke birnin Nairobi na ƙasar Kenya. Masu gadin dajin suna cikin waɗanda aka ba su. A shekarar ce kuma kamfanin CAKE na ƙasar Suwidin, wanda Stefan Ytterborn ya kafa a 2016, ya fitar da babur mai suna Kalk AP musamman don yaƙi da masu kashe namun daji. Ya yi aikin ne tare da kwalejin Southern African Wildlife College da ke kusa da gandun dajin Kruger a Afirka ta Kudu, da kuma kamfanin Goal Zero wanda ya samar da kayan caji na sola.

Amfani

Babban amfaninsa shi ne rashin ƙara. Da dare ana jiyo babur mai fetur daga nesa, don haka mafarauci kan ɓuya tun kafin masu gadi su iso. Mai lantarki kuwa yana iya matsowa kusa ba a ankara ba, kuma bai cika firgita dabbobi kamar giwa da karkanda ba. Ba ya fitar da hayaƙi, ba a yi masa juyen baƙin mai, ba shi da fulogi ko salansa. Sannan kai fetur sansanonin da ke can tsakiyar daji aiki ne mai tsada, alhali rana tana ko'ina.

Tasiri ga muhalli

Rashin hayaƙi a bakin salansa ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Abu na farko shi ne inda wutar cajin ta fito. Idan da allunan sola aka yi caji, ribar muhalli tana da yawa. Idan kuwa da janareton dizal ne, to hayaƙin wuri kawai ya sauya, ko da yake injin lantarki ya fi na fetur tattalin makamashi.

Na biyu shi ne batirin kansa. Yawancin baturan ana yin su da sinadarin litiyam, wasu kuma har da kobalt. Fiye da rabin kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, inda haƙar ma'adinai ke cin dazuzzuka tana gurɓata ruwa. A Najeriya ma ana haƙar litiyam a jihohi irin su Nasarawa. Ke nan abin da ake kare daji da shi yana iya zama sanadin ɓarnar wani dajin. Zafi mai tsanani yana rage wa batir ƙarko, kuma idan ya mutu a sansanin da ke nesa da gari, akwai haɗarin a jefar da shi a juji ko a ƙona shi.

Na uku, wanda ba a cika ambata ba, shi ne gyara. Babur ɗin da ya yi shekara goma yana aiki ya fi sauƙi ga muhalli a kan wanda aka jingine bayan shekara biyu saboda rashin kayan gyara. Kamfanin CAKE ya karye a watan Fabrairu na 2024, kafin wani kamfanin ƙasar Norway ya saye shi, abin da ya nuna haɗarin dogaro da kamfani guda na ƙetare. Wannan ne ya sa baburan da ake haɗawa a Afirka, kamar Roam Air na Kenya, suke da muhimmanci.

A Arewacin Najeriya

Gandun daji irin su Kamuku a Birnin Gwari ta jihar Kaduna, Falgore a kudancin jihar Kano da Yankari a jihar Bauchi suna da faɗi, kuma hanyoyin cikinsu sun fi dacewa da babur a kan mota. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ya ƙara tsadar sintiri. Sai dai a dazuzzukan da 'yan bindiga ke fakewa, kamar yankin Birnin Gwari, nisan da caji ɗaya zai kai mutum magana ce ta rai: mai gadin da batirinsa ya ƙare a tsakiyar daji ba shi da ɗan bumburutun da zai sayi galan guda a wurinsa.