Fuska Biyu ta Ƙwayar Hanji da Aikin Ruwan Gishiri da Sukari

Ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe cikin hanji fuska biyu gare su. Ɗaya na kallon ramin da abinci ke bi, ɗaya na kallon jini. Wata ɗamara ta furotin ta zagaye kowace ƙwaya, ta hana kayan wannan fuska cuɗanya da na waccan.

Rabon kayan yana farawa ne a sashen Golji, wanda yake tamkar tashar lodi. A nan ake tantance furotin bisa alamar da ke jikinsa, a ƙunshe shi cikin 'yar jaka ta tantani, wasu furotin masu jan kaya su bi da ita kan zaruruwan cikin ƙwayar. A bakin tantanin waje, gungun furotin 8 da ake kira eksosis, wanda ɗakin binciken Peter Novick ya bayyana a 1996 daga ƙwayar yisti, shi ke ɗaure jakar. Amma ba ta juye kayanta sai makullinta ya dace da ƙofar: sintaksin 3 a fuskar hanji, sintaksin 4 a fuskar jini. Binciken wannan sufuri ya kai Rothman da Schekman da Südhof ga kyautar Nobel a 2013.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin ilimin ɗakin gwaji kawai, ya dubi uwar da ke ɗura wa ɗanta mai zawo ruwan gishiri da sukari cokali-cokali a garin Matameye. Ƙofar da ke shigar da gishiri tare da sukari a fuskar hanji aka kafa ta. Famfon da ke tura gishirin gaba yana fuskar jini. Ruwa kuwa bin gishiri yake yi. Da an dasa ƙofar da famfon barkatai, da abin da ya shiga ya komo. Ko dafin kwalara, wanda ke wangale ƙofar fitar gishiri, yakan bar ƙofar sukarin tana aiki.

Hujja mafi ƙarfi kan muhimmancin wannan rabo daga wata cutar gado take. Jaririn da furotin mai jan kaya miyosin 5b ko sintaksin 3 ya lalace masa, kayan fuskar hanji sukan maƙale a cikin ƙwaya, sai ya kama zawo tun kwanakin farko, wanda ruwan gishiri da sukari ba ya iya maye gurbin ruwan da yake zubarwa. A hanjin da rabonsa ke daidai kuwa, haɗin gida shi ne ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.