Ƙuri'ar Ɗan Ƙungiya: Wa Ke Da Ita, Kuma Yaya Ake Ƙirga Ta?

Ƙuri'ar ɗan ƙungiya ita ce haƙƙin da mamba yake da shi na sa baki wajen zaɓen shugabanni, da amincewa da kashe kuɗi, da gyara tsarin mulkin ƙungiyarsa. A Masarautar Daura, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Daura, Ɓaure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango, 'yan kasuwa da dillalan dabbobi da direbobi da ma'aikatan gwamnati duk suna zuba kuɗi a ƙungiyoyi. Wannan haƙƙi shi ne ke bambanta mamba da mai biyan haraji kawai.

Daga naɗi zuwa zaɓe

A tsarin gargajiya na ƙasar Hausa, masu sana'a ba su saba kaɗa ƙuri'a ba. Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da Sarkin Aska da Sarkin Kasuwa naɗa su ake yi daga fada, galibi daga gidan da ya gaji sarautar, bayan an ji ta bakin manyan sana'ar. Sarautar Daura kanta tana bin wannan hanya: masu zaɓen sarki, waɗanda ba su da yawa, su ne ke miƙa suna, gwamna ya amince. Haka aka yi a 2007, lokacin da Alhaji Umar Faruk Umar ya gaji Sarki Muhammadu Bashar.

Ƙungiya mai rajista da ƙuri'a ta shigo ne a zamanin Turawa, inda aka kafa dokar farko ta ƙungiyoyin gama kai a Najeriya a 1935. Shi ya sa a kasuwa guda ake iya samun shugabanni biyu, mai rawani wanda fada ta naɗa da ciyaman wanda mambobi suka zaɓa. Na farko sulhu da al'ada ne aikinsa, na biyu kuwa asusu da takardu ne a hannunsa, kuma shi ne ake iya saukewa da ƙuri'a.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin kafa ƙungiya ko shiga cikinta. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ƙungiyar gama kai tana ƙarƙashin dokar tarayya ta 1993 da dokokin jihohi. Ƙa'idarta ita ce mutum ɗaya, ƙuri'a ɗaya, komai yawan ajiyarsa. Asalin wannan ƙa'ida garin Rochdale ne a Ingila, inda wasu ma'aikata 28 suka buɗe shagon haɗin gwiwa a 1844. Ke nan ma'aikacin da ya ajiye naira miliyan 2 da wanda ya ajiye naira 20,000 ƙuri'arsu ɗaya ce a babban taro. A kamfani ba haka ba ne, domin can ƙuri'a hannun jari take bi.

Sauran ƙungiyoyi, kamar na ci gaban gari da na sana'a da na wasanni, suna yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa da sunan amintattu, bisa Dokar Kamfanoni wadda Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan asalin Daura, ya sa wa hannu ranar 7 ga Agusta, 2020. A nan tsarin mulkin da ƙungiyar ta rubuta wa kanta shi ne ke fayyace mai ƙuri'a. Sashe na 839 na dokar, kamar yadda aka sa mata hannu a 2020, ya ba kashi ɗaya cikin biyar na mambobi damar kai ƙara kotu don a dakatar da amintattun da ake zargi da almundahana.

Reshe da uwar ƙungiya

Matsalar ƙirga ƙuri'a takan bayyana ne idan rassa suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya. A ce akwai reshe mai mutum 200 da wasu rassa 4 masu mutum 15 kowanne. Idan kowane reshe ƙuri'a ɗaya gare shi, mutum 60 za su rinjayi mutum 200. Idan kuma aka ƙirga kawuna, babban reshe shi kaɗai zai yanke komai, sauran su zama 'yan rakiya. Hanya ta uku ita ce a ba kowane reshe wakili guda, sannan a ƙara masa wakilai gwargwadon yawan mambobinsa, tare da sa iyakar da ba zai wuce ba.

Misalin masu tseren tattabara

Tattabara tsuntsuwa ce da aka saba kiwonta a gidajen Daura, amma a Turai an mayar da ita abin tsere mai ƙungiyoyi da dokoki. A Ingila an kafa ƙungiyar ƙasa a birnin Leeds a 1896, a Beljiyam kuma a 1910. Ana kai tattabarun nesa a sake su tare, a raba nisan gidan kowane mai kiwo da lokacin da tsuntsunsa ya ɗauka, wanda ya fi sauri ya ci.

Saboda haka ƙuri'a a wurinsu ba wasa ba ce. Garin da aka zaɓa don sakin tsuntsaye yana iya fifita mazauna gabas a kan mazauna yamma, gwargwadon yadda iska ke kaɗawa. Ƙuri'a ce kuma ke shata iyakar da za a karɓi mambobi da hukuncin wanda ya ba tsuntsu ƙwaya. Kuɗin da ke ciki ba kaɗan ba ne: a Nuwamban 2020 an sayar da wata tattabarar Beljiyam mai suna New Kim a kan yuro miliyan 1.6. A Ingila shawara takan taso daga ƙaramin kulob, ta bi ta yanki, kafin wakilan yankuna su kaɗa mata ƙuri'a a majalisar ƙasa. Tambayar da sukan yi ta dace da kasuwar dabbobi ta Mai'aduwa: idan uba da 'ya'yansa biyu suna kiwo a akurki ɗaya, ƙuri'a ɗaya ce ko uku?

Abin dubawa kafin ranar zaɓe

Na farko shi ne rajistar mambobi. Ya kamata a rufe ta a kafe sunaye kafin zaɓe da makonni, domin ɗan takara mai hali yana iya biya wa sababbin mutane kuɗin shiga a daren jajibiri. Na biyu, matsayin wanda ake bi bashin kuɗin wata, da yaron shago da ke aiki a ƙarƙashin ubangidansa, da matar da ke zuba kuɗi amma ba ta zuwa taro. Na uku, adadin mutanen da dole su halarta kafin zama ya halatta, da irin rinjayen da ake buƙata, wanda wajen gyara tsarin mulki yakan kai kashi biyu cikin uku. Na huɗu, hanyar zaɓen: a ɗaga hannu ko bin layi yana da wuya yaro ya saɓa wa ubangidansa a gabansa, takardar sirri kuwa tana kare shi.

Duk waɗannan a rubuce ya kamata su kasance tun ana zaman lafiya. Idan rigima ta kai gaban kotu ko daraktan ƙungiyoyin gama kai na jiha, tsarin mulkin ƙungiya da rajistar mambobi da littafin bayanin taro su ne abin da za a fara nema.