Gandun Dajin Harriman: Tafiyar Yini Guda Zuwa Tafkunan Da Ke Kusa Da Birnin New York

Gandun Dajin Harriman yana jihar New York ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 50 arewa da birnin New York, a yammacin Kogin Hudson. Faɗinsa ya haura hekta 19,000, kuma shi ne na biyu a girma cikin gandayen da hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta jihar ke gudanarwa. A cikinsa akwai tafkuna da madatsun ruwa 31, da hanyoyin ƙafa masu alama waɗanda tsawonsu gaba ɗaya ya kai kimanin kilomita 320. Abin da ya fito da sunansa shi ne mazaunin birni na iya barin gida da sassafe, ya taka cikin kurmi har bakin tafki, ya kuma dawo ya kwana a ɗakinsa.

A Amurka akwai gandayen da gwamnatin tarayya ke riƙe da su, akwai kuma na jihohi. Harriman na jiha ne. Hukumar gandayen Palisades, wadda jihohin New York da New Jersey suka kafa tare a 1900, ita ce ke tafiyar da shi tare da hukumar jihar.

Asalin gandun

Wanda ya ga wannan kurmi a yau zai zaci tun fil'azal haka yake, alhali yawancin itatuwansa sabon tsiro ne. Daga ƙarni na 18 zuwa ƙarshen na 19 yankin wurin haƙar ƙarfe ne. An sare itatuwa da yawa an yi gawayi domin hura wutar narka tama, kuma da ƙarfen wannan yanki aka ƙera wasu igwogi a lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Da haƙar ta mutu sai daji ya sake rufe wurin. Har yau matafiyi na cin karo da bakin tsofaffin ramuka, da yawansu cike da ruwa.

A 1908 gwamnatin jihar ta fara shirin mayar da gidan yarin Sing Sing zuwa Dutsen Bear, wanda ke maƙwabtaka da yankin. Jama'a da dama ba su ji daɗin hakan ba. A 1910 Mary Harriman, matar attajirin jiragen ƙasa Edward Harriman wanda ya rasu a 1909, ta bai wa jihar kimanin hekta 4,000 da dala miliyan ɗaya, bisa sharaɗin a fasa gina gidan yarin. Ɗansu Averell Harriman, wanda daga baya ya zama gwamnan jihar, shi ya miƙa kyautar. Wasu attajirai, ciki har da John D. Rockefeller da J. P. Morgan, sun ƙara da nasu kuɗin.

Tafkunan ma da yawansu aikin hannu ne. Injiniya William Welch, wanda ya jagoranci ayyukan hukumar tun daga 1914, ya datse ƙoramu da fadamu ya mayar da su tafkuna domin talakawan birni su sami wurin hutawa. A shekarun 1930, lokacin karyewar tattalin arzikin duniya, matasan da gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ta ɗauka aikin raya dazuzzuka sun gina ƙarin madatsu, cikinsu har da ta Tafkin Pine Meadow. Aikin bai tafi ba tare da asara ba: an tashi iyalan da ke zaune a wasu ƙauyukan, kuma ruwan Tafkin Welch ya rufe tsohon ƙauyen Sandyfield.

Yadda ake karanta alamomin hanya

Hanyoyin gandun turbobi ne na ƙafa da ke bi ta kan duwatsu da saiwoyi, babu kwalta kuma allunan rubutu kaɗan ne. Abin da ke shiryar da matafiyi shi ne ɗan fenti ko ƙaramin falle da aka manna a jikin bishiya ko dutse, kowace hanya da launinta. 'Yan sa-kai na ƙungiyar kula da hanyoyin daji ta New York da New Jersey, wadda aka kafa a 1920, su ne ke sabunta fentin, suna sare rassan da suka tare hanya, suna kuma buga taswirar da matafiya ke dogaro da ita.

Ka'idar ba ta da wuya. Alama ɗaya na nufin a ci gaba a miƙe. Alama biyu, ɗaya bisa ɗaya, na nufin hanya za ta karkata, kuma ɓangaren da ta saman ta gusa shi ne inda za a bi. Alama uku a jere kamar murhu na nuna farkon hanya ko ƙarshenta. Idan mutum ya yi 'yan mintoci bai ga alama ba, ya tsaya ya koma ta ƙarshe da ya gani. Ɓata a wannan daji yakan faru ne a mahaɗar hanyoyi, ko inda tsohuwar hanyar masu haƙar ƙarfe marar alama ta rabu da mai alama, ta kuma fi ta faɗi da kyan gani.

Hanyoyin da aka fi bi

Mafi shahara ita ce ta Tafkin Pine Meadow. Tana farawa daga cibiyar baƙi ta Reeves Meadow, kusa da garin Sloatsburg, a kan titin Seven Lakes wanda ya ratsa gandun. Alamarta ja ce a kan fari. Tana bin gefen rafi mai duwatsu, tana hawa sannu a hankali har bakin tafkin, inda akwai faffaɗan duwatsu na zama. Zuwa da dawowa kimanin kilomita 8 ne. A ranakun Asabar da Lahadi wurin ajiye motoci yakan cika tun da hantsi.

Ta biyu ita ce ta Tafkin Island Pond, daga wurin ajiye motoci na Elk Pen a yammacin gandun. A nan ana bin farar alamar Hanyar Appalachian, doguwar turbar da ta ratsa jihohi 14 daga Georgia zuwa Maine, mai tsawon kimanin kilomita 3,500. A wannan yanki aka buɗe sashenta na farko a 1923. Hawan farko yana da tsauri. Bayan an wuce tafkin kaɗan sai a isa wani matsattsen tsagi tsakanin manyan duwatsu, wanda ake kira Lemon Squeezer, wato mamatsar lemo, saboda mai jaka a baya sai ya karkace kafin ya wuce.

Ta uku tana tashi daga bakin Tafkin Skannatati, wanda mota ke isa gare shi. Daga nan ana hawa zuwa tsohon ramin ƙarfe na Pine Swamp da wata mahaɗar hanyoyi da matafiya suka raɗa wa suna Times Square, suna kwatanta ta da sanannen dandalin nan mai cunkoso na birnin New York.

Wanda ba shi da mota na iya shiga jirgin ƙasa na layin Port Jervis ya sauka a Sloatsburg ko Tuxedo. Daga tashar Tuxedo ake kama hanyar Ramapo-Dunderberg, wadda aka fara shatawa a 1920, sannan a haɗa da wasu hanyoyin zuwa tafkunan Skenonto da Sebago. Jiragen wannan layi ba su da yawa a ƙarshen mako, saboda haka a san lokacin na komawa tun kafin a shiga daji.

Lissafin lokaci

Babu tsaunin da ya kai mita 500 a gandun, amma hawa da gangara a kan duwatsu na cin lokaci fiye da yadda taswira ke nunawa. Masu tafiyar daji na amfani da wani tsohon ma'auni da ɗan Scotland William Naismith ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Ma'aunin na mai ƙarfi ne wanda bai tsaya hutawa ba. Mai tafiya da yara ko wanda bai saba ba ya ƙara rabin lokacin a kai.

Tsawon yini ma na canjawa sosai, abin da kan ruɗi wanda ya taso inda rana ke faɗuwa kusan lokaci ɗaya duk shekara. A ƙarshen Yuni rana na faɗuwa wajen ƙarfe takwas da rabi na dare. A Disamba kuwa tana faɗuwa wajen huɗu da rabi na yamma, kuma ƙarƙashin itatuwa duhu na riga haka shigowa. Hanya mafi aminci ita ce a tsayar da lokacin juyawa tun daga gida, a kuma juya idan ya yi, ko an kai tafkin ko ba a kai ba.

Watan Oktoba ne lokacin da ganyaye ke rikiɗewa zuwa ja da rawaya, kuma baƙi na yawaita. Yuli da Agusta akwai zafi da gumi da hadari mai tsawa. Daga Disamba zuwa Maris ƙanƙara na daskarewa a kan duwatsu, tafiya ba ta yiwuwa lafiya sai da ƙarafan da ake ɗaurawa a ƙarƙashin takalmi.

Abin da ake ɗauka da abin da ake kiyayewa

Guzurin yini guda ya ƙunshi takalmi mai riƙe ƙafa, ruwan sha aƙalla lita biyu, abinci, rigar ruwa, rigar sanyi, tocila, usur, da taswirar takarda. Sabis ɗin waya na ɗaukewa a kwaruruka, batir kuma na saurin ƙarewa cikin sanyi. A gaya wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa. Lambar neman agaji ita ce 911. Ruwan rafi ko na tafki, komai kyansa a ido, ba a shansa sai an tafasa ko an tace, domin yana iya ɗauke da ƙwayoyin da ke haddasa gudawa.

Abin da ya fi cutar da matafiya a nan ƙarami ne ƙwarai, wato kaska. Wata irinta mai baƙaƙen ƙafafu na yaɗa cutar Lyme, wadda kan fara da zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wani lokaci da jan zobe a fata. Galibi sai ta yi fiye da awa 24 a maƙale kafin ta sa cutar, don haka dogon wando, maganin shafawa na korar ƙwari, da duba jiki da zarar an dawo gida na rage haɗarin sosai. Wanda ya ga alamun ya je asibiti, domin ana warkar da cutar da magani idan an kama ta da wuri.

Akwai macizai masu dafi iri biyu, ɗaya mai kaɗa wutsiya tana ƙara, ɗaya mai kai ruwan jan ƙarfe. Ba sa neman mutum, amma kada a sa hannu cikin tsagin dutse. Akwai kuma baƙar dabbar nan da ake kira beya. Ba a ba ta abinci, ba a kuma gudu idan an haɗu da ita. A ja da baya a hankali ana fuskantarta. Wani tsiro mai ganye uku-uku, wanda ke yaɗo a ƙasa da jikin itatuwa, na sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa ga wanda ya taɓa shi.

Dokokin gandun

An haramta iyo a tafkunan cikin daji irin su Pine Meadow da Island Pond. Ruwansu na da sanyi da zurfi, kuma babu mai ceto kusa. Iyo sai a bakin tafkunan Welch da Tiorati, a watannin zafi, lokacin da masu ceto ke bakin aiki. Kwana cikin daji sai a rumfunan dutse da aka tanada da kewayensu. Shara kuma duk wanda ya shiga da ita shi zai fita da ita. Ana karɓar kuɗin mota a wasu wuraren ajiya a lokacin cunkoso, amma shiga da ƙafa kyauta ne. Ruwan sama mai ƙarfi kan lalata gadoji da hanyoyi, kamar yadda ambaliyar Yulin 2023 ta yi a yankin, saboda haka a duba sanarwar hukumar gandun game da hanyoyin da aka rufe kafin a kama hanya.