Giwan ruwa: Babban kifin da ke kuɓuce wa masunta

Da wuya a zauna hira da masunta a kwarin kogin Hadejia, tun daga Ringim da Miga har zuwa Guri da Nguru, ba a ji labarin wani ƙaton kifi da ya tsinke igiyar ƙugiya ko ya yaga koma ya tafi abinsa ba.

Kifin da aka fi ambata a irin waɗannan labarai shi ne giwan ruwa, wanda masana kimiyya ke kira Lates niloticus. Shi ne kan gaba a gasar kamun kifi ta Argungu, kuma saboda shi ne masu su don nishaɗi kan taso daga Turai da Amurka zuwa Masar da Uganda.

To sai dai a yau batun ya wuce na kifi guda da ya kuɓuce wa masunci guda. Sauyin da aka samu a kogunan arewacin Najeriya cikin shekaru hamsin da suka wuce ya taɓa ruwan da irin wannan kifi ke buƙata kafin ya ƙasaita.

Wane irin kifi ne?

Giwan ruwa na cikin kifayen ruwan daɗi mafiya girma a duniya. Tsawonsa kan kai mita 2, nauyinsa kuma kan kai kilo 200, ko da yake ba kasafai ake cin karo da mai irin wannan girma ba.

Asalinsa daga kogunan Afirka ne, wato Nilu da Neja da Senegal da Volta da Kwango, da kuma Tafkin Chadi da kogunan da ke kwarara cikinsa. Kogin Hadejia na daga cikinsu, domin kuwa shi ne ke haɗuwa da kogin Jama'are su zama Komadugu Yobe, wanda ke ƙarewa a Tafkin Chadi.

Launin jikinsa kamar na azurfa ne, yana da faffaɗan baki da manyan ƙayoyi a gadon baya. Tun yana ƙarami yake farawa da cin ƙwari da jatan lande, idan ya tasa kuma sai ya koma cin 'yan uwansa kifaye, kamar karfasa da kawara, har ma da ƙananan giwan ruwa.

Yakan rayu kimanin shekaru 16. Mata sun fi maza girma, saboda haka galibin manya-manyan da ake ɗorawa kan sikeli mata ne, kuma kowace babbar mace kan zuba miliyoyin ƙwai.

Duk da ƙarfinsa, yana da rauni guda. Yana buƙatar ruwa mai yalwar iskar shaƙa, saɓanin tarwaɗa da gaiwa waɗanda kan jure zama a taɓo. Idan ruwa ya ja baya ko ya gurɓace, giwan ruwa na cikin kifayen da kan fara ɓacewa.

Me ya sa yake kuɓucewa?

Masu iya magana kan ce kifi na ganinka mai jar koma. Kifin da ya shekara goma a ruwa ya riga ya tsallake taru da birgi da mamari ba sau ɗaya ba.

Giwan ruwa ba shi da manyan haƙora. Zuƙo abincinsa yake yi da ƙarfi ta hanyar wage baki farat ɗaya. Da zarar ya ji ƙugiya, sai ya zabura da gudu, wani lokacin ya yi tsalle sama da ruwa yana girgiza kai, abin da kan sa ƙugiyar ta fita.

Idan hakan bai yi ba, sai ya nutsa ƙasa ya nufi duwatsu ko kututturan itatuwa, inda igiya kan sarƙe ta tsinke. Bugu da ƙari, gefen marfin da ke rufe mashaƙarsa yana da kaifi da ƙayoyi, waɗanda kan yanke igiya, su kuma ji wa hannun masunci rauni.

Wannan ne ya sa ake ɗaukar kama shi da koma ko da hannu, kamar yadda ake yi a Argungu, a matsayin jarumta.

Gasar Argungu

An fara bikin kamun kifi na Argungu, a jihar Kebbi ta yanzu, a shekarar 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara ga Sarkin Kabi Muhammadu Sama. Ziyarar ta zama alamar kawo ƙarshen doguwar gaba tsakanin Kabawa da Daular Usmaniyya.

Ana gudanar da gasar ce a kogin Matan Fada, inda ake hana su a sauran watannin shekara domin kifi ya samu damar taruwa da girma. Sarkin Ruwa da Homa, wato shugaban masuntan Argungu, su ne ke kula da ruwan da kuma al'adun da ke tattare da shi.

A ranar gasa, dubban masunta kan yi sahu a bakin kogi, kowa da komarsa da babban gora. Da zarar an harba bindiga sai su ruga cikin ruwa. Goran shi ne abin da masunci ke hawa ya yi iyo, kuma a cikinsa yake zuba ƙananan kifayen da ya kama. Bayan kimanin sa'a guda ake tsayar da su, a auna kifaye, a ba wanda nasa ya fi nauyi kyauta.

A shekarar 2005 kifin da ya zo na ɗaya ya kai kilo 75, sai da mutane huɗu suka haɗu kafin a ɗora shi kan sikeli. A shekarar da ta biyo baya kuwa, wato 2006, an hana shiga kogin saboda ƙarancin ruwa.

A 2008 ne aka samu abin da ya fi jawo ka-ce-na-ce. An bayyana wani masunci a matsayin zakara da kifi mai nauyin kusan kilo 66, amma sauran masunta suka yi ƙorafi cewa kifin ya daɗe da mutuwa kafin a fito da shi. Daga bisani aka zargi mutumin da shigo da kifin daga wani ruwa dabam, aka ƙwace kyautar, aka kuma tsare shi.

Bikin ya tsaya na kimanin shekaru goma saboda matsalar tsaro a arewacin ƙasar. A cikin wannan tsakani ne, a 2016, hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da suka cancanci a adana. Da aka dawo da shi a watan Maris na 2020, kifin da ya lashe gasar ya kai kilo 78.

Su don nishaɗi

A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu kamun kifi da sanda da ƙugiya, ba don ci ko sayarwa ba, sai don sha'awa da neman suna. Kifin da suka fi girmamawa shi ne salmon, wanda ake ƙyanƙyashewa a kogi, ya tafi teku ya girma, sannan ya komo kogin da aka haife shi domin ya hayayyafa.

A Birtaniya har yanzu ana tunawa da Georgina Ballantine, wadda ta kama salmon mai nauyin kilo 29 a kogin Tay na yankin Scotland a 1922. A jihar Alaska ta Amurka kuwa, Les Anderson ya kama wani nau'in salmon mai kilo 44 a kogin Kenai a 1985.

Duka biyun ba su kai nauyin kifayen da aka auna a Argungu a 2005 da 2020 ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masu wannan sha'awa ke zuwa Afirka neman giwan ruwa, musamman a Tafkin Nasser na Masar da kuma ƙasan magangarar ruwa ta Murchison a Uganda.

A watan Disamba na shekarar 2000 wani mai suna William Toth ya kama giwan ruwa mai nauyin kilo 104 a Tafkin Nasser, kuma ƙungiyar IGFA mai adana tarihin irin wannan kamu ta amince da shi a matsayin bajinta ta duniya.

Akwai bambanci guda mai muhimmanci tsakanin su na nishaɗi da su na neman abinci. Da yawa daga cikin masu su na nishaɗi kan auna kifin, su ɗauki hoto, sannan su mayar da shi ruwa da ransa. A Scotland, alal misali, fiye da kashi 90 cikin 100 na salmon da ake kamawa da sanda ana sakinsu ne, saboda raguwar da kifin ya yi.

Ga masuncin da ke ciyar da iyali da abin da ya kamo, wannan ba abu ne mai sauƙi ba. Kifi guda mai kilo 30 na iya zama kuɗin takin noman rani ko na makarantar yara.

Halin da ake ciki a kwarin Hadejia

Ƙaramar hukumar Miga, wadda ke cikin masarautar Dutse a jihar Jigawa, na daga cikin yankunan da ruwan kogin Hadejia ke malala cikin fadamunsu. Mazauna irin waɗannan yankuna kan haɗa noma da kiwo da su, gwargwadon yadda ruwa ya zo ya kuma janye.

Ambaliyar damina ita ce ginshiƙin rayuwar kifi a wannan kwari. Idan kogi ya cika ya shiga fadama, kifaye kamar karfasa da tarwaɗa da bargi kan bi ruwan su zuba ƙwai a cikin ciyayi, inda 'ya'yansu ke samun abinci da mafaka. Idan ruwa ya fara janyewa sai su koma kogi da tafkuna masu zurfi. A can ne manyan kifaye masu farauta irin su giwan ruwa ke samun abin da za su ci.

Wannan tsari ya sauya bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, dukansu a jihar Kano, a kan kogunan da ke haɗuwa su samar da kogin Hadejia. Fari na shekarun 1970 da 1980 ya ƙara dagula al'amarin. Faɗin ƙasar da ruwa ke mamayewa a dausayin Hadejia da Nguru ya ragu da fiye da rabi tsakanin shekarun 1960 da farkon shekarun 1990.

Madatsun dai sun samar da ruwan sha ga birnin Kano da kuma noman rani a yankin Kadawa da kwarin Hadejia. Amma kuma sun mayar da kogin da a da yakan cika da damina ya ƙafe da rani, zuwa kogin da ke gudana kaɗan-kaɗan duk shekara.

Irin wannan ruwa mara zurfi shi ne ciyawar kachala ke so. Ta bazu ta toshe hanyoyin ruwa, ta hana kwale-kwale wucewa, ta kuma hana a jefa birgi ko a ja taru. Toshewar ta sa ruwa na kwanciya a wasu wurare ya cinye gonaki da gidaje, yayin da wasu wuraren ke zama ƙayau. Jigawa na cikin jihohin da ambaliyar 2022 ta fi yi wa ɓarna.

Shi ma Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960, ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin goma na hakan a shekarun 1980.

Sai kuma matsalar kayan su. Raga mai ƙananan idanu, har da gidan sauro da wasu kan yi amfani da shi, tana kwashe kifi tun bai kai ga hayayyafa ba. Kifin da aka kama yana da wata shida ba zai taɓa zama mai kilo 50 ba.

Darasi daga wasu wurare

Abin mamaki, a gabashin Afirka akasin haka aka gani. An zuba giwan ruwa a Tafkin Victoria a shekarun 1950, inda ya yaɗu matuƙa a shekarun 1980, ya kuma taimaka wajen ɓacewar nau'o'in ƙananan kifaye fiye da 200. Daga baya ya zama babbar hajar da Uganda da Kenya da Tanzaniya ke fitarwa zuwa Turai.

Da kamun ya yi yawa har manyan suka fara ƙaranci, sai ƙasashen uku suka amince da ƙa'idar kama masu tsawon santimita 50 zuwa 85 kawai, domin a bar ƙananan su girma, a kuma bar manyan mata su zuba ƙwai.

A Najeriya, an sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa a shekarar 2000, aka kuma ƙara da dausayin Baturiya na jihar Jigawa a 2008. Masana harkar ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwa daga Tiga da Challawa a lokacin damina ta yadda zai yi kama da ambaliyar asali, a kuma yashe hanyoyin ruwan da kachala ta toshe.

Hanyar da ta fi tsufa dai ita ce wadda sarakunan ruwa suka gada, wato a rufe tafki ko gurbi na wasu watanni, kada kowa ya shiga sai ranar da aka yi shela. Da wannan hanya ce kogin Matan Fada ya ba da kifi mai kilo 78 a 2020, bayan shekarun da aka yi ba a gudanar da gasa a cikinsa ba.