Ciki a Matsayin Hujja: Shari'ar Amina Lawal da Mas'alar Kwantacce

A mazhabar Imam Malik, bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji hujja ce ta zina, saɓanin Hanafiyya da Shafi'iyya. Namiji kuwa ba a kama shi sai da iƙirari ko shaidu huɗu. Haka ta kasance a Bakori a 2002: aka yanke wa Amina Lawal hukuncin rajamu, mutumin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. A Satumban 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta wanke ta. Daga cikin hujjojinta akwai mas'alar kwantacce, wato halaccin jingina cikin bazawara ga tsohon mijinta har shekara biyar. Ashe mazhabar da aka kama ta da ita, a cikinta mafitar take. Wallahu a'alamu.