Hasken da ya dace wajen duba tsofaffin sulalla da ɗaukar hotonsu

A gidaje da dama akwai gwangwani ko ƙullin tsumma da aka gada, cike da kuɗin da aka daina kashewa: anini da ɗari da kwabo mai huji, taro da sisi da sule, wani lokaci har da dalar Mariya Tariza da mata suka riƙa yin ado da ita. Yau masu tara kayan tarihi na neman irin waɗannan sulalla, kuma yawancin cinikin ta hoton waya ake fara shi. Shi kuwa hoton sulalla, haske ne ke hukunci a kansa. Sule guda na iya fitowa kamar sabon bugu a ƙarƙashin wata fitilar, ya fito dusu-dusu a ƙarƙashin wata, kuma kuɗin da za a taya shi ya dogara da wanne daga cikin biyun mai saye ya gani.

Dalilin kuwa shi ne, fuskar sulalla ƙarfe ce mai tudu da kwari, zurfin zanenta bai taka kara ya karya ba. Abin da ido ke karantawa a matsayin rubutu ko hoton sarki, inuwa ce ƙarama da ke kwanciya a gefen kowane tudu. Idan haske ya bazu daga ko'ina, inuwar ta ɓace, zanen ya shafe. Idan kuma ya yi ƙarfi daga wuri guda, ƙarfen ya mayar da shi cikin ido, a ga fari fat.

Fitilar dubawa

Ƙwararrun da ke tantance darajar sulalla a Amurka da Turai suna aiki ne a ɗaki mai duhu da fitila guda ɗaya, bisa al'ada ƙwan lantarki irin na da mai wat 75 zuwa 100, a rataye kamar kamu biyu daga tebur. Suna riƙe sulallan ta bakinsa, suna karkata shi a hankali suna juyawa. A haka ne siraran kwarzane ke bayyana, irin waɗanda gogewa da tsumma ko toka ke bari. A haka kuma ake ganin sheƙin asali na bugu, wanda ke zagaya fuskar ƙarfen tamkar silin keke idan ana juya shi. Sulallan da aka wanke da tsamiya ko lemun tsami yana ƙyalli, amma ƙyallinsa a tsaye yake, ba ya zagayawa, kuma masu tarawa na rage masa kuɗi ƙwarai.

Doguwar fitilar ofis mai farin haske ita ce mafi muni ga wannan aiki, domin tana lulluɓe kwarzane, ta sa abin da ya sha wuya ya zama kamar lafiyayye. Wanda aka nuna wa kaya a ƙarƙashinta a cikin shago yana da hujjar neman a fita da shi bakin taga. Fitilar LED mai ƙwai guda tana iya maye gurbin tsohon ƙwan lantarki, amma irin ta caji mai jerin ƙananan ƙwayaye ashirin ko talatin tana haifar da inuwoyi barkatai masu rikita ido.

Gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10 ya wadatar. Amfaninsa babba ne a kan kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, waɗanda aka riƙa bugawa a masana'antu daban-daban. Ƙaramin harafin H na nuna kamfanin Heaton da ke Birmingham, KN kuma na King's Norton. Sulalla biyu na shekara ɗaya na iya bambanta a daraja saboda wannan harafi kaɗai, kuma a kan wanda ya sha hannu ba a ganinsa sai an kwantar da haske daga gefe. Haka ma kwabo da anini na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga mulki a cikin shekarar: hujin tsakiya ya hana a sa hoton sarki, don haka sunan da ke zagaye da bakin ne kaɗai shaida.

Fitilar hoto

A nan buƙata ta bambanta. Mai dubawa yana juya sulalla ya ga kowane lungu, hoto kuwa kusurwa ɗaya yake kamawa, sai an zaɓe ta da hankali.

Tsarin da ya fi karɓuwa shi ne a shimfiɗa sulallan a kan baƙin ƙyalle marar sheƙi, a kafa waya ko kyamara a samansa daidai, sannan a ajiye fitilu biyu iri ɗaya a wurin ƙarfe 10 da ƙarfe 2 na fuskar agogo, a ɗage sama kusa da kyamarar. Wannan ya dace da azurfa da sulallan da ba su sha hannu ba, kamar naira ɗaya da naira biyu masu ƙarfe kala biyu na 2007. Idan ƙyallin ya yi yawa, a sa farar takarda tsakanin fitila da ƙarfen, amma kada a wuce gona da iri, domin haske mai laushi sosai yana kashe sheƙi, azurfa ta koma kamar dalma.

Wanda ya siɗe kuwa, irin kwabon da ya shekara arba'in yana yawo a kasuwa, fitila ɗaya yake so, a sauke ta ƙasa kusa da tebur ta yadda hasken zai shafi fuskar daga gefe. Nan take rubutun larabci da tauraro mai kusurwa shida sukan taso. Wannan hasken ne kuma ke tona jabun da aka zuba a ƙwarya maimakon bugawa, domin ƙananan ramuka kamar na zanzana suna fitowa a fili. Dalar Mariya Tariza ta fi buƙatar wannan kulawa. Shekarar 1780 da ke jikinta ba ta tabbatar da tsufa, tunda an ci gaba da buga ta da wannan shekara har zuwa zamanin nan, kuma ta gaske nauyinta giram 28 ne da ɗan ɗoriya. Ya kamata hoton bakinta, mai rubutu a zagaye, ya biyo na fuskokin biyu.

Akwai wata dabara ga sulalla masu santsi kamar madubi: a karkata gilashi marar launi a digiri 45 tsakanin kyamara da sulallan, a haska daga gefe, gilashin ya tura hasken ƙasa kai-tsaye. Tana fito da launi da kyau, sai dai tana cin lokaci, kuma ɗan kasuwa ba kasafai zai buƙace ta ba.

Launi shi ne inda aka fi samun saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa. Ƙwan lantarki na da yana ba da haske mai ɗorawa zuwa ja, kusan kelbin 2,700, wanda ke sa farin ƙarfe ya yi kama da tagulla. Sulen 1913 azurfa ne, daga 1920 aka koma buga shi da ƙarfe mai ruwan ɗorawa, saboda haka hoton da ya canza launi yana iya canza kayan gaba ɗaya. Fitila mai kelbin 5,000 zuwa 5,500 ta fi kusa da hasken rana, kuma idan kwalinta ya nuna CRI 90 ko sama da haka, launin zai fito da aminci. Kada a haɗa hasken taga da na fitila a hoto ɗaya. Filashin waya kuwa a kashe shi, babu abin da yake haifarwa sai farin tabo a tsakiya.

Inda babu wuta, bakin taga da hantsi ya isa, muddin rana ba ta faɗa kan ƙarfen kai-tsaye ba, a kuma jingina farar takarda a ɗaya gefen don rage duhun inuwa. Fitilun LED masu arha, musamman a kan janareta, sukan yi ƙyaftawar da ido ba ya kamawa amma ta fito a hoto kamar ratsi-ratsi. A lokacin hunturu ƙura na sauka cikin mintuna, kuma hasken gefe yana mayar da kowane ƙwayar ƙura kamar rami. Ana kawar da ita da iskar ɗan famfon roba, ba da baki ko yatsa ba, domin damshin numfashi da maiƙon hannu suna barin tabon da kan ɗauki watanni kafin ya bayyana a jikin jan ƙarfe.